Ofishin gwamnati da duwatsun bakin kogi

Ranar da na fara ganin ginin, na ɗauka gidan wani tsohon maharbi ne mai abin hannunsa. Sai da abokin tafiyata ya nuna mini allon da ke gabansa na gane ashe ofishin gwamnati ne, daga nan aka yi shekaru ana tafiyar da gandun dajin Dutsen Rainier na ƙasar Amurka baki ɗaya. Sunan wurin Longmire, tafiyar awa biyu da 'yan kai ce a mota daga Seattle inda nake zaune.

A 1928 aka gina shi, shekara 29 bayan kafa gandun a 1899. Ernest Davidson ne ya tsara shi a ƙarƙashin ofishin Thomas Vint, masu zanen gini na hukumar gandun dajin Amurka, kuma ƙa'idarsu a lokacin ita ce kada gini ya zama baƙo a inda aka dasa shi. Hawan ƙasa duwatsu ne mulmulallu da ƙanƙara ta daɗe tana gogawa, irin waɗanda ke zube a bakin kogin Nisqually da ya ratsa ta gefen wurin. Na tsugunna na dafa na can ƙasa, wani ya fi buhun gero girma, sanyi ƙalau, gansakuka ta kwanta a tsakaninsu. Kana ɗaga kai suna ƙanƙancewa, har ka ga kamar bangon daga ƙasa ya tsiro. Hawan sama itace ne, rufin kuma fallayen katakon wata bishiya ne mai suna sida da aka jera da gangara saboda dusar ƙanƙara. A 1987 gwamnati ta sa shi cikin manyan wuraren tarihin ƙasar.

Ina tsaye a wurin soron kakanmu ya faɗo mini a rai. Tubali ne da aka kwaɓa da ƙasar kududdufin bayan unguwa, rufin azara, zankaye a kusurwoyi, an shafe bangon da makuba. Azara jikin giginya ce, gara ba ta cika yi mata komai ba, kamar yadda sida ke jure ruwan saman nan da ba ya ɗaukewa. Tsakiyar bazara ka shiga soron nan da rana tsaka, barci zai kwashe ka. Shekarar da baffana ya sami kuɗin gyaɗa ya rushe shi, ya sa bulo da kwano. Na ce, "Baffa, ai da an bar ko zauren." Ya ce, "Kai yaro, so kake a ce har yau gidanmu na ƙasa ne?" Yanzu watan Afrilu a tsakar gida suke kwana, ɗakin ya zama tanderu.

Ban ga laifin Baffa ba. Abin da ya gani ya kwaikwaya. Sakatariya bulo ce, makaranta bulo, asibiti bulo, gidan duk wanda ya yi arziki bulo. In dai hukuma ba ta taɓa zama cikin ginin ƙasa a idonka ba, wa zai gaya maka ba alamar talauci ba ce? A nan Longmire kuwa hukuma ce da kanta ta ɗebi dutsen kogi da kututture ta ce wannan ne ofishinmu, shi ya sa har gobe attajiran yankin ke kashe maƙudan kuɗi don gidajensu na hutu su yi kama da shi. Kuma kada a ɗauka aikin gargajiya ne tsantsa. Masu ilimin zane ne suka zauna suka auna komai, suka haɗa kayan wurin da dabarar zamaninsu.

Na san abin da za a ce mini: ginin ƙasa sai da yaɓe kafin kowace damina, giginya ta yi ƙaranci, indararo ɗaya ya toshe sai bango ya jiƙe ya zube. Gaskiya ne. Amma shi ma katakon nan ruɓewa yake yi, canza shi ake yi, akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan kuma albashi ake biyansu. Mu namu maginan fa? Mutanen da suka gaji Babban Gwani, wanda ya ɗaure bakan masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19, yawancin 'ya'yansu sun koma ɗora bulo, don can ne abinci yake. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano suna nan tsaye, amma wurin kallo muka mayar da su, ba wanda ke cewa a gina sabon ofishi irinsu.

Da za a tambaye ni, a wuri kamar Yankari zan fara. Baƙon da ya taso daga nesa don ya ga giwaye ya yi wanka a ruwan Wikki, ya fara cin karo da soro mai zanko da daurin guga, a ciki ake yanka masa tikiti.

Da na koma gida na tura wa Baffa hoton ginin ta WhatsApp, na ce masa ofishin gwamnatin Amurka ne. Can da daddare ya aiko da saƙon murya, yana tambaya ko lafiya, mutanen da ke da kuɗi haka me ya hana su sayen siminti.