Lissafin asarar ambaliya a Kebbi bai cika ba

Duk shekarar da ruwa ya ci gonakinmu, jami'ai kan zo da takarda da biro, su ƙirga hekta nawa ta nutse, gida nawa ya rushe, rai nawa aka rasa, sannan su juya. A 2020 rahotanni sun ce ambaliya ta shafe kimanin hekta 450,000 ta shinkafa a jihar nan. Duk wanda ya ga fadamun Argungu da Suru da Bagudo a shekarar ba zai yi musu ba. Amma wallahi wannan adadi bai faɗi asarar duka ba.

Ku duba hannu nawa buhun shanshera yake ciyarwa kafin ya zama tuwo. Akwai 'yan ƙwadago masu yanka da bugu, da mai amalanke, da ɗan dako, da mai injin casa, da direban da ke kai kaya kamfanin WACOT a Argungu ko Labana a Birnin Kebbi. Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne matan da ke turara shinkafa a cikin gida. Da ribar nan suke zubin adashe, da ita ake haɗa wa yarinya kayan ɗaki. Shekarar ambaliya sai ka shiga gida ka tarar an kife tukunyar a gindin katanga, murhu ya yi sanyi. Sunan wannan baiwar Allah ba ya cikin takardar kowa, don ba ta da hekta.

Ga kuma bashi. Tun 2015 da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, manoma da yawa suka saba noma da rance. Ruwa ya tafi da amfani, bashi yana nan daram. Mutum ya sayar da bijiminsa, ya sayar da injin ban ruwa don ya fita kunya, sai rani ya zo ba shi da abin shiga fadama. Ya rasa damina, ya rasa rani, alhali damina kaɗai aka rubuta masa.

An ƙiyasta cewa ambaliyar 2012 ta jawo wa Najeriya asarar naira tiriliyan 2.6. To, nawa ne rabon Suru a ciki? Mutumin Suru yana da haƙƙin ya sani.

A riƙa yin lissafin nan ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. A zauna da sarkin noma da sarkin kasuwa, a tura mata su shiga gidaje, a sake komawa bayan wata shida a ga wa ya miƙe, wa ya tafi ci-rani. Katifa da bargo da ake rabawa a matsayin tallafi suna da ranarsu, ba na raina su. Amma iri da taki da kuɗin man injin ban ruwa su iso hannun manomi da zarar ruwa ya janye, tun bai kai injinsa kasuwa ba.