Maganin ido da ya karɓi maƙwabcinka ba lalle ne ya karɓe ka ba

A ƙauyukanmu na Jigawa da Kano, kwalbar maganin ɗigawa a ido tana yawo daga gida zuwa gida. Wanda ya je asibiti aka rubuta masa, da zarar ya ga sauƙi sai ya miƙa wa ɗan'uwansa ragowar, ko ya ba shi kwalin ya kai kyamis ranar kasuwa a sayo masa irinsa. Niyyar taimako ce, amma tana tsaye ne a kan zaton cewa ido duk ido ne, kuma magani ɗaya aiki ɗaya yake yi a jikin kowa. Masu binciken lafiya sun daɗe da nuna cewa ba haka abin yake ba. Abin da ya fi damuna shi ne yawancin wannan bincike ba a kan idanunmu aka yi shi ba.

Cutar da wannan magana ta fi shafa ita ce hawan jinin ido, wanda ba shi ne hawan jinin da ake aunawa a dantse ba. Ido yana samar da wani ruwa a cikinsa, ruwan kuma yana da hanyar fita. Idan hanyar ta ƙuntata sai matsi ya ƙaru, ya riƙa cinye jijiyar gani a hankali, ba zafi ba raɗaɗi, ya fara da ganin gefe, har mutum ya wayi gari yana karo da ƙofa. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007, wanda ya duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, kuma bayan yanar ido, hawan jinin ido ne ya fi makantar da mutane. Kimanin mutum 5 cikin 100 na masu waɗannan shekaru suna da cutar, amma waɗanda suka san suna ɗauke da ita ba su kai kashi 6 cikin ɗari ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance.

Maganin da aka fi rubutawa a asibitocinmu shi ne timolol, saboda araha. Tun 1978 ake amfani da shi, kuma aikinsa rage yawan ruwan da ido ke samarwa. Sai dai an lura cewa sinadarin da ke ba ido launin baƙi yana riƙe wani kaso na maganin, don haka a idon baƙar fata yakan yi ƙasa da aikin da yake yi a idon da launinsa ya yi haske. Haka nan hanta ce ke narkar da abin da ya shiga jini daga cikinsa, mutane kuma sun bambanta a gadon saurin narkarwar. Wanda hantarsa ke jinkiri sai maganin ya taru, bugun zuciyarsa ya ragu. Mai asma kuwa yana iya shiga hatsari da ɗigo ɗaya. A garin Moshi na ƙasar Tanzaniya an kwatanta timolol da aikin hasken leza, wanda ake haska wa ido don sauƙaƙa fitar ruwan, a kan majinyata kimanin 200, aka wallafa sakamakon a 2021: bayan shekara guda, maganin ya riƙe matsin ido yadda ake so a kashi 31 cikin ɗari na idanun, leza kuma a kashi 61. Ke nan maganin da muka fi dogaro da shi ya gaza a sama da ido biyu cikin uku, a tsakanin mutane masu kama da mu a launi da halin rayuwa.

Inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne magungunan sitiroyid masu rage kumburi da ƙaiƙayi, irin su dexamethasone da betamethasone, waɗanda ake sayarwa ba tare da takardar likita ba. Duk wanda ya zauna a karkara ya san yaron nan mai ƙaiƙayin ido, wanda farin idonsa ya koma ruwan ƙasa, kullum hannunsa na murza fuska, musamman in zafi da ƙura sun kankama. Uwarsa ta kai shi kyamis, a ba ta ƙaramar kwalba, ta ɗiga masa da dare, da safe jan ya wanke, ƙaiƙayi ya lafa. Wa zai ga laifinta in ta koma ta sake saye, wata bayan wata? Amma tun a shekarun 1960 wasu likitocin ido biyu a Amurka, Armaly da Becker, suka nuna cewa idan aka ɗiga wa mutane irin wannan magani na makonni huɗu zuwa shida, kusan ɗaya cikin uku matsin idonsa zai hau, kuma kimanin 5 cikin 100 zai hau musu sosai. Yara sun fi saurin kamuwa, haka ma wanda ake da hawan jinin ido a danginsa. Babu wata alama a fuska da za ta nuna wa uwa ko mai kyamis wane yaro ne a cikin biyar ɗin nan. Sai an auna matsin idon da na'ura, na'urar kuma ba ta ƙauye.

A shekarar 2016 an ƙididdige mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin halittar gado a kansu a duniya, aka tarar kusan kashi 80 cikin ɗari 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kimanin kashi 3, alhali tun binciken birnin Baltimore na Amurka aka san hawan jinin ido ya ninka sau da yawa a baƙar fata, kuma yana kama su da wuri. Da aka juyo aka duba 'yan Afirka kansu, ciki har da 'yan Nijeriya da Ghana, sai a 2019 aka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna APBB2 da ke da alaƙa da cutar, wanda ba a gan shi a Turawa ba. Asibitin Koyarwa na Ibadan ya jagoranci babban aiki a wannan fanni ƙarƙashin H3Africa, shirin binciken gado da lafiya a Afirka, kuma sun cancanci yabo. To amma manomin Gumel ya san irin dawar da ya yi kyau a laka ta Zariya ba lalle ne ya yi a yashin gonarsa ba, sai an gwada. Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Bamange suna buƙatar a duba nasu idanun.

Gado ma ba shi kaɗai ba ne. Latanoprost, wani maganin ɗigawa da ya fi timolol ƙarfi, ana son a ajiye shi a firji kafin a buɗe, bayan an buɗe kuma kada zafi ya wuce digiri 25. Mu kuwa a watan Afrilu zafi yana haura 40 a ɗakin kwano, babu wuta. Dattijo mai rawar hannu yana iya zubar da ɗigon a kumatu. Wani yana dainawa da azumi, maimakon ya tambayi likita da malami yadda zai mayar da lokacin ɗigawa sahur da bayan buɗa-baki. Wani kuɗin motar zuwa Dutse ko Kano ne ya gagare shi. Idan irin wannan majinyaci ya dawo idonsa ya ƙara lalacewa, ba wanda zai iya rantsuwa ko maganin ne bai karɓe shi ba, ko zafi ne ya lalata shi, ko jabu aka sayar masa, ko bai ɗiga ba. Kowanne da gyaransa daban, kuma binciken da aka yi a Landan ba zai rarrabe mana su ba.

Na san abin da ke zuwa zuciyar mutumin Kano idan aka ambaci gwajin magani. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an yi gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, shari'a ta ja har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tsoro yana da tushe, kuma duk mai binciken da ya raina shi bai cancanci a buɗe masa zaure ba. Amma ƙauracewa bincike gaba ɗaya yana nufin a ci gaba da ɗiga mana abin da aka auna a idon wasu. Abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne sharuɗɗa: a yi wa mutum bayani da Hausa, a gaban wanda ya amince da shi, ya san yana da ikon ƙi ko janyewa ba tare da an hana shi magani ba, kwamitin kula da ɗa'ar bincike ya sa hannu, kuma a dawo garin a faɗa wa mutane abin da aka gano.

Akwai ma matakin da bai buƙatar kuɗin ƙasashen waje. Da gwamnatocin Jigawa da Kano za su sa na'urar auna matsin ido a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, a horar da ma'aikacin jinya guda ya riƙa rubuta wane magani aka ba wane, nawa matsin yake kafin farawa, nawa ya koma bayan wata ɗaya da wata shida, da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna sun sami bayanan da za su gina bincike a kai cikin 'yan shekaru, majinyacin da magani bai karɓa ba kuma a canza masa tun yana da sauran gani.