Waƙar kaboyi ba a fim aka haife ta ba

Mu da muka tashi da kallon fim ɗin kaboyi, abin da ya zauna mana a kai shi ne Bature tsaf-tsaf, da malafa, da bindiga a ƙugu, yana bisa doki yana rera waƙa. Wannan hoton ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ya danne haƙƙin waɗanda suka sha wahalar.

Tun daga 1867, bayan yaƙin basasar Amurka, ake kora shanu daga Texas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a jihar Kansas, tafiyar wata biyu ko fiye. Masu korar 'yan ƙwadago ne. Da yawansu baƙar fata ne da suka fito daga bauta, ga kuma 'yan Meziko, waɗanda tun farko a wurinsu aka koyi sana'ar. Idan dare ya yi, mai gadi zai riƙa zagaya garken a hankali yana waƙa ƙasa-ƙasa, don kada tsawa ko wani motsi ya firgita shanu su ɓalle cikin duhu su tattake mutane. Wanda ya taɓa zama da makiyayi ba ya buƙatar a yi masa bayani. Lokacin da John Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya buga tarin waƙoƙin a 1910, wasunsu daga bakin baƙar fata ya samo su.

Shi kuwa kiɗan rawar da ake kira western swing, tallar fulawa ce ta fito da shi. A 1931, a garin Fort Worth na jihar Texas, Bob Wills mai goge da mawaƙi Milton Brown suna kiɗa a rediyo don tallata wa kamfanin Burrus hajarsa. Manajan kamfanin, W. Lee O'Daniel, da wannan farin jinin ya ci zaɓen gwamnan Texas a 1938.

Bob Wills ya tashi yana tsinkar auduga tare da baƙar fata, a gona kunnensa ya sha blues, wato salon waƙar baƙar fatar Amurka. Ka saurare shi, za ka ji abin a jan gogensa da irin ihun da yake yi wa makaɗansa tsakiyar kiɗa. Milton Brown, a tasa ƙungiyar makaɗan, ya ƙara piyano, ya kawo Bob Dunn da jitarsa mai aiki da lantarki, sannan hatsarin mota ya ɗauke shi a 1936 yana da shekara 32. A ganina ba a ba shi rabin yabon da ya cancanta ba. Wills ya koma Tulsa ta jihar Oklahoma a 1934, ya zuba ganguna da kayan busa, zauren rawa na Cain's ya riƙa cika maƙil da ma'aikatan rijiyoyin mai da manoma.

Ina son kiɗan nan ƙwarai, shi ya sa wani abu ke yi mini ciwo. A shekarun da ake wannan rawa, wariyar launin fata na nan daram a Texas da Oklahoma. Mutanen da Wills ya tsinki auduga da su, ya ɗauki salonsu, ba su da ikon shiga fili ɗaya da Turawa su taka rawar.