Lemon otal da na haɗa wa Yaya Alhaji a Nima

Ni direban wani otal ne a wajen filin jirgin sama na Akara, babban birnin Gana, aikina ɗauko baƙi da mayar da su. Tsakanin saukar wannan jirgi da wancan akwai zaman jira, ni kuwa a ƙofar bayan mashayar otal nake kashe nawa, wurin abokina, wani ɗan Ewe daga Ho, mai haɗa wa Turawa abin sha. Ban taɓa kai ko ɗigo bakina ba, Allah ne shaida, amma ba a hana direba kallo. Akwai wani da matan Turawa suka fi nema, ja jawur a dogon kofin gilashi, da ƙanƙara da ganyen na'ana'a, an tsaga sitiroberi guda an maƙala a bakin kofin. Na tambaye shi yadda ake yi. Ya ce a dandaƙa sitiroberi huɗu ko biyar a gindin kofin ƙarfe, a matse lemun tsami, a zuba ruwan sukari da aka dafa, awo ɗaya na sukari awo ɗaya na ruwa, sai giyar jin, sai ƙanƙara, a rufe a girgiza, a tace, a cike da tonik, wani lemon kwalba mai iska da ɗan ɗaci. Ita giyar jin ɗin, in ji shi, kusan kashi 40 cikin ɗari nata barasa ce zalla, ƙamshinta kuma daga 'ya'yan wani itace ne mai suna junifa.

Na ce, "To idan an cire giyar fa?"

Ya ce, "Sai ya zama abin da limaminku zai sha ya yi hamdala. Muna sayar da shi haka nan ma."

Wannan magana ce ta zauna mini a rai har aka yi waya cewa Yaya Alhaji yana tafe daga Kumasi. Yayan uwargidana ne, fataucin goro yake yi a Aboabo, kuma tun ranar ɗaurin aure ya yanke hukunci cewa ban san komai ba sai sitiyari. Duk zuwan da zai yi, sobolo, wato zoɓo, ko lamurjin Mma Hajiya muke sayo masa. Ita ce mai gidan da muke haya a unguwar Nima ta Akara, a bakin ƙofa take ajiye kularta, kuma duk santin da Alhaji zai yi ita yake yi wa. Na ce wa uwargida wannan karon ni zan ji da abin sha. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baban Abu, Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da ake faɗa wa mai shirin tsallake babbar kwatar Nima da takalmin soso.

Watan Fabrairu ne, lokacin da sitiroberin Burkina Faso yake fitowa, don a wajen Wagadugu ana noma shi da sanyin hunturu, daga Janairu zuwa Afrilu. Na samu a Osu wurin wata mai kayan marmari, a 'yar roba mai murfi. Da ta faɗi kuɗin na ɗauka na duka tiren take nufi, har na fara tunanin inda zan kai ragowar. Ashe na roba ɗaya ne. Na ƙirga su a tsaye, na raba kuɗin a zuci, na ga kowace ƙwaya ta tashi a kan abin da zai sa a ƙara maka ƙwai a waakye, wato shinkafa da wake. Na biya don kada mai tsaye a bayana ya ga na mayar. A torotoro, motar haya, kuma wata baiwar Allah mai kwandon kifi ta ɗora mini rabin kwandon a cinya, kan ledar, tun daga tashar 37 har Nima. Da na buɗe a gida, rabin aikin dandaƙawa an riga an yi mini kyauta.

Saura tonik. Ranar Juma'a da hantsi na aiki Abu, ɗana ɗan shekara tara, na ce ya duba kantunan layi, in babu ya nemo duk inda yake. Yaron nan ba ya dawowa hannu sake, halin da nake alfahari da shi ke nan. Bai samu a kanti ba, wani ya yi masa kwatancen wata rumfa can tsallaken kwata, inda ake sayar da akpeteshie, giyar gargajiya ta Gana, a ƙaramin kofi, masu sha suna zaune a benci tun safe. Nan ɗana ya shiga da hularsa ta Juma'a. Ya fito da kwalabe biyu a baƙar leda suna ƙarau-ƙarau, ya ratso ta gaban masallacin layi daidai lokacin da ake shimfiɗa tabarmi, ya iso ƙofar gida ya tarar da Mma Hajiya.

Ta ce, "Kai Abu, me ka riƙo?"

Ya ce, "Baba ne zai haɗa wa Kawu Alhaji abin da Turawa suke sha a mashaya."

Ko kalma ɗaya yaron bai yi ƙarya ba. Sai dai ya faɗa wa matar da aka ƙi sayen sobolonta a karo na farko, kuma ban san an yi wannan hira ba sai da ta haihu.

Alhaji ya ce a babban masallacin ƙasa na Kanda zai yi salla, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, daga can zai wuto mu ci tuwo da miyar ayoyo. Ni a na layi na yi, ana sallamewa na ruga gida. Na aro injin markaɗe wurin maƙwabciya, na zuba sitiroberi, na kai hannu zan danna, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Dumsor, an ɗauke wuta. Daga kowane ɗaki na gidan aka saki tsaki a tare. Ban karaya ba, don na tuna abokina ma ba da inji yake yi ba, da 'yar ƙaramar tabarya yake dandaƙawa. Idona ya faɗa kan asanka da tapoli a kife bayan murhu. Wanda bai zauna a Gana ba, asanka kasko ne na yumɓu da aka yi wa zane-zane masu zurfi a ciki don su kama abin da ake niƙawa, tapoli kuma ɗan muciyarsa ne na katako mai kai biyu. Na ɗauraye shi da ruwan leda ɗaya, na shinshina, ban ji komai ba, da yake hazo ya toshe mini hanci tun farkon mako.

Uwargida ta leƙo daga wurin tuƙa tuwo ta ce, "A nan na niƙa barkonon kpakpo shito da albasa da safe fa."

Na ce, "Na wanke."

Ta ce, "To."

Duk mai aure ya san irin wannan "to" ɗin. Ni dai na ci gaba. Kuma a gaskiya abin ya yi kyau a ido: ja ya cika kaskon, 'yan ƙwayoyin nan da ke jikin fatar sitiroberi suna yawo a sama, ƙamshi har tsakar gida. Na tace da rariyar koko, na matse lemun tsami, na zuba ruwan sukari. Ƙanƙara ta dunƙule ce a leda, na naɗe ta a tawul na buga da tabarya, wani gutsure ya yi tsalle ya faɗa tukunyar miya, ban faɗa wa kowa ba. Kofin ƙarfe mai murfi babu, amma akwai filas ɗin shayin da nake zuwa aiki da shi.

Ga inda ni da abokina muka saɓa. Shi sai ya gama girgizawa yake zuba tonik a kai, a hankali, ta gefen kofi. Ni a ganina wannan yanga ce ta ma'aikatan otal, don abin da za a haɗu a ciki ɗaya me zai sa a raba masa layi? Na juye kwalba guda a filas, na murɗe murfi tam, na ajiye sai baƙo ya zo, don girgizawar ita ce abin kallon.

Alhaji ya iso cikin farar shadda wadda ta sha bugu, tana ɗaukar ido, yana ta jan hanci saboda mura. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Kumasi da kasuwar goro, ya zauna a kujera mai kyau ɗaya da muke da ita. Ya waiga ya ce, "Yau Hajiya ba ta yi sobolo ba ne?"

Na ce, "Yaya Alhaji, yau na otal za ka sha."

Na tsaya a gabansa, na ɗaga filas sama da kafaɗa yadda na ga ana yi, na girgiza hagu, na girgiza dama, har da ɗan rausaya. Abu yana tafi. Na ji filas ɗin yana wani tsuwa a hannuna, na ɗauka alamar ya haɗu ke nan. Na sunkuya kusa da Alhaji don ya fara jin ƙamshi, na murɗa murfin.

Murfin dai a bayan talabijin aka tsinto shi daga baya. Abin da ke ciki ya rabu uku: kashi ɗaya ya tafi silin, kashi ɗaya fuskata, mafi tsoka kuma ya sauka a ƙirjin shaddar Alhaji, daga wuya har aljihu, ya gangara kan aikin zare. Bai ce komai ba. Ya dubi rigar, ya dube ni, wani ja yana ɗiga daga gemunsa. A daidai nan aka yi sallama, labule ya ɗaga, sai ga Mma Hajiya, bayanta limamin masallacin layi, bayansa kuma duk wanda ke da ƙafa a gidan.

Ta ce, "Malam, ka gani da idonka. Har ta fara aiki, dubi yadda suka yi wanka da ita."

Na rantse, na sake rantsewa. Malam mutum ne mai sanyi, ya ce a kawo kwalbar. Ya sa tabarau, ya juya ta, rubutun ƙanana ne, aka kira wata ɗalibar sakandare ta ɗakin ƙarshe ta karanto: ruwa, sukari, iskar lemo, kwinin. Da jin kwinin fuskar Malam ta saki, ya ce ai wannan maganin zazzaɓi ne, sun sha shi suna yara, ɗacinsa har yau yana maƙogwaronsa. Nan ya kamata bakina ya tsaya, amma ilimin da na tara a ƙofar mashaya ya motsa. Na ce ƙwarai kuwa, daga ɓawon wani itace ake samun sa, Turawan Ingila da ke mulkin Indiya su suka riƙa shan sa saboda cizon sauro, da ɗacin ya ishe su sai suka riƙa sirka shi da giyar jin.

Malam ya sauke tabarau ya ce, "Au, ashe dai abokin tafiyarta ne."

Uwargida ta taka mini ƙafa. Mma Hajiya ta karɓi filas ta kai hanci, ta ja dogon numfashi, ta ce ita dai ba ta ji warin akpeteshie ba, amma wa ya sani ko ta Turawa ba ta wari. Malam ya tambaye ta a hankali inda ta san warin akpeteshie. Ta ce shekara nawa tana bin hanyar tsallaken kwata zuwa kasuwa, hanci kuma ba a rufe shi da kwaɗo. Aka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Alhaji ne ya raba gardama. Ya ce tunda rigarsa ta sha, shi ma a ba shi. Abin da ya rage a gindin filas bai kai rabin kofi ba. Na zuba, na ɗauko sitiroberi ɗaya tilo da ta tsira daga kwandon kifi, na tsaga na maƙala a bakin kofin, don ko ana cikin masifa a yi abu yadda ake yinsa. Ya yi bismilla ya kurɓa. Ɗakin ya yi tsit. Idonsa ya kawo ruwa, jijiyar goshinsa ta tashi, ya buɗe baki yana neman iska. Barkonon da ya ɓuya a zanen asanka ya fito gaba ɗaya, albasa na biye da shi, ɗacin kwinin na rufa musu baya, can ƙasa kuma ɗan ƙamshin shayin jiya. Ya yi atishawa uku a jere, ya fyace hanci a tawul ɗin ƙanƙara, ya ja numfashi ta hanci har ƙirjinsa ya ɗaga.

Ya ce, "Malam, wannan ba giya ba ce. Magani ne. Rabon da hancina ya buɗe haka tun shigowar hazo."

Malam ya ɗanɗana da ɗan cokali ya ce halal ne, amma ba dole. Mma Hajiya ta lasa ta ce lamurji ne da bai samu mai yi ba, ta fita. Aka ci tuwo, Alhaji sanye da rigata ta aiki mai tambarin otal, wadda ta ƙi rufe masa ciki. Shaddar kuwa ta sha jiƙo da sabulu iri-iri, jan ya koma ruwan hoda ya tsaya a nan, ni na biya kuɗin sabuwa a biya biyu.

Bayan an shiga damina sai ga wayarsa. Mura ta kama abokan cinikinsa a kasuwar goro, ya ba su labarin maganin surukinsa, yana son galan biyu, in sa a motar Kumasi daga tashar Circle. Na ce masa lokacin sitiroberi ya wuce tun Afrilu. Ya ce shi bai san wannan ba, ja dai mai yaji. Na zauna ina lissafin abin da galan biyu zai ci, uwargida ta ce in daina wahalar da kaina, in sayi sobolo in niƙa masa barkono a asanka, ba mai ganewa.

Na fita bakin ƙofa na gaishe da Mma Hajiya har da rusunawa, na ce galan biyu nake so. Ta ɗauki lokaci tana goge murfin kula kafin ta ɗago. Ta ce na masu otal kuɗinsa daban ne, kuma ba ta ba da bashi.