Ƙarin bes a ikwalaiza ba ya cike ramin sauti

Sau da yawa a shagunan kayan sauti na Sabon Gari za ka ji ana cewa in wufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri (bes), ba ta bugawa sosai a inda kake zama, ka ɗaga bes a ikwalaiza, na'urar ƙara ko rage sassan sauti, kawai. Maganar tana da ma'ana a kunne: abu ya yi kaɗan, a ƙara. Sai dai abin na damuna, don wufa da yawa a haka ake lalata su.

Yawanci laifin ɗakin ne. Bangon siminti da tayil suna dawo da sauti, sai wanda ya dawo ya haɗu da wanda ya fito su kashe juna a wasu wurare, shi ne ramin sauti. Ɗauki falo mai tsawon mita 4. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, in ka raba da mita 8 na zuwa da dawowa, wajen 43 Hz (kaɗawar sauti sau 43 a daƙiƙa) ake samun rami daidai tsakiyar falon. In kujerarka tana nan, duk abin da ka ƙara, wanda ya dawo ma ya ƙaru. Ramin na nan. Kuma ƙarin 6 dB (ma'aunin ƙarar sauti) na cin ƙarfin amfilifaya ninki huɗu, ga zafi, ga karkarwar sifika.

Gyaran shi ne matsar da kujera ko wufar. Ɗora wufar a kan kujerarka, kunna waƙa mai bes, ka zagaya gefen bango kana saurare. Inda bes ya fi daidaita, nan za ka ajiye ta. Sa iyakar tace sauti, wato inda wufar ke tsayawa ta bar wa sauran sifiku, a 80 Hz, ka gwada maɓallin 0 da 180 na wufar, mai juya bugunta. Ikwalaiza kuwa, rage inda sauti ya yi gunji da ita.