Sautukan Turawa 12 ne kacal, kuma ba gadon gidan kowa ba ne

A watan Yunin 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar da wani kamfanin zuba jari ya ɗaukaka a kan mawaƙin Ingila Ed Sheeran, bisa zargin ya kwaso waƙarsa "Thinking Out Loud" daga "Let's Get It On", waƙar mawaƙin Amurka Marvin Gaye ta 1973. Mutane da yawa sun yi murna. Ni dai haushi abin ya ba ni. Tun 2018 aka shigar da ƙarar nan, ban da wadda magadan Ed Townsend, abokin rubutun Gaye, suka sha kaye a kanta a New York cikin Mayun 2023. Shekara bakwai ana zuba wa lauyoyi kuɗi a kan tambayar da ɗalibin kiɗa ɗan shekarar farko zai amsa a tsaye.

Me ake rigima a kai? Ba baitukan waƙar ba, ba kuma karin da ake rerawa ba. Damman sauti guda huɗu ne da ke tafiya a ƙarƙashin murya. Kiɗan Turawa sautuka 12 gare shi, kuma waƙa guda takan ɗauki 7 daga ciki ta yi tsani da su: do, re, mi, fa, sol, la, ti. A kan kowane mataki ana ɗaure dami mai sauti uku, a ɗauki ɗaya a tsallake ɗaya, kamar do da mi da sol. Dami bakwai ke nan, kuma na bakwai ba kasafai ake taɓa shi a waƙoƙin zamani ba, saura shida. In ka fara da damin gida, wato na mataki na 1, ka jera uku a bayansa ba tare da maimaici ba, hanya 60 ce kawai a gabanka, yawancinsu ma kunne ba ya so. Waƙar Gaye tana bin mataki na 1, na 3, na 4, na 5. Ta Sheeran ta sha bamban a dami na biyu: Gaye yana da mi, sol, ti, shi kuwa yana da mi, sol, do. Sauran kamannin shi ne dami na biyu da na huɗu suna ɗan riga bugu shigowa. Wannan ne dukiyar da aka ce an sace.

Masu wannan ra'ayi suna cewa yanayin waƙa, wato yadda take ratsa jiki, abin mallaka ne. Tarihin kiɗan Turai gaba ɗayansa ya ƙaryata su.

Da kari zalla aka fara. Waƙoƙin cocin Roma da ake jingina wa Fafaroma Gregory murya ɗaya ce, babu dami babu ganga. A ƙarni na 9 aka soma sa 'yan alamomi a saman kalmomi don tuna wa mawaƙi inda zai hau da inda zai sauka, amma ba sa faɗin nisan hawan, sai wanda ya riga ya haddace. Wajen 1025 Guido na garin Arezzo a Italiya ya ɗora alamomin a kan layuka, har mutum ya iya rera karin da bai taɓa ji ba. Daga nan kari ya zama abin da ake gani a takarda. Me mawaƙa suka yi da shi? Aro suka shiga yi. A cocin Notre-Dame na Paris, wajen 1200, Pérotin yakan ɗauki tsohon kari ya ja kowane sautinsa ya yi tsawo ƙwarai, sa'an nan ya ɗora muryoyi uku suna kai da kawowa a samansa. Akwai wani karin Faransa guda, "L'homme armé", da aka gina waƙoƙin ibada fiye da 40 a kansa daga tsakiyar ƙarni na 15, kuma Dufay da Josquin da Palestrina duk sun sa hannu. Ba wanda ya kira wani ɓarawo. Gwaninta ita ce abin da ka iya yi da abin da kowa ya sani. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun da da karin Caji Aliyu Namangi ya tsara Imfiraji.

Wajen 1600, da aka haifi wasan kwaikwayon waƙa a Florence, aiki ya rabu gida biyu. Kari yana sama a bakin mawaƙi ɗaya, layin ƙasa mai kauri yana tafe da 'yan lambobi a jikinsa, tsakiyar kuwa mai kaɗa molon Turawa ko kayan maɓallai ne ke cikewa nan take yadda ya ga dama. Ma'ana, mai tsara waƙa bai ma damu ya rubuta damman dalla-dalla ba, don ya san kayan kowa ne. Jerin damman da ake kira La Folia ya isa misali: Corelli ya yi aiki da shi a 1700, Vivaldi a 1705, Rachmaninoff ya sake ɗauko shi a 1931. A 1722 masanin kiɗan Faransa Rameau ya wallafa littafinsa kan haɗin sautuka, ya nuna cewa do-mi-sol da mi-sol-do dami ɗaya ne da aka juya. Wannan bayanin mai shekara 300 shi ne ainihin abin da aka tsaya ana yi wa kotun New York.

Doka ma da ta shigo ta san inda za ta tsaya. A 1777 Johann Christian Bach ya ci shari'a a Landan, inda aka yarda cewa rubutaccen kiɗa yana ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 1710. A 1835 wata kotun Ingila, a shari'ar D'Almaine da Boosey, ta ce kari shi ne ƙirƙirar mai waƙa, kuma wanda ya ɗauke shi ya mayar da shi kiɗan rawa ya yi sata. Layi ne mai ma'ana, don kari ba jerin sautuka ba ne kawai. Ya haɗa da tsawon kowane sauti, da inda aka numfasa, da inda ya kai ƙololuwa, da yadda ya dawo gida. In waɗannan suka zo ɗaya a jimla guda cikakkiya, da wuya a ce dace ne.

Shari'ar "Blurred Lines" ce ta rushe wannan katanga. A Maris na 2015 masu taya alƙali yanke hukunci a Los Angeles suka ce Pharrell Williams da Robin Thicke su biya iyalan Gaye dala miliyan 7.4 bisa zargin sun kwaso waƙar daga wata waƙarsa, "Got to Give It Up", daga baya aka rage zuwa 5.3, alhali karin waƙoƙin biyu bai zo ɗaya ba. Da aka tabbatar da hukuncin a 2018, mai shari'a Jacqueline Nguyen ta ƙi yarda, ta yi gargaɗin cewa an ba mutane damar mallakar salon kiɗa. Ba a daɗe ba aka gani. A 2019 aka ci mawaƙiya Katy Perry da abokan aikinta kusan dala miliyan 2.8 a kan sautuka takwas, waɗanda shida na farkonsu su ne sauti ɗaya sau huɗu, a sauko mataki guda a buga sau biyu. Yaron da ya wuni yana taɓa fiyano zai faɗa kan wannan da kansa. Sai a 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta rufe maganar da ba Perry gaskiya, bayan an sha wahala.

Za a ce baƙaƙen mawaƙan Amurka sun daɗe ana cin guminsu, kuma gaskiya ne, amma da jerin dammai abin mallaka ne da kiɗansu na bulus (blues), wanda dubban waƙoƙinsa ke hawa kan dami uku a gaɓa 12, ya mutu a hannun mutum na farko da ya kai shi rajista.

Ɓarnar ba ta tsaya a kotu ba. Yanzu kamfanonin waƙa kan kira masanin kiɗa ya tantance waƙa kafin ta fita, kuma da an ji ƙishin-ƙishin ɗin kama sai a ƙara sunan wani a cikin marubuta a yanka masa kaso, don sulhu ya fi shari'a araha. Sheeran yana da kuɗin da zai tsaya ya ɗauki gita ya kaɗa a gaban kotu. Ƙaramin mawaƙi ba shi da su, sai ya miƙa wuya tun daga wasiƙar lauya ta farko. Masu cin ribar kuwa sau da yawa ba mawaƙa ba ne, kamfanoni ne da suka sayi kason tsofaffin waƙoƙi suna neman inda za su tatsa.

Alƙali ya kamata ya tace ƙarar tun kafin ta je gaban mutanen da ba su taɓa karanta rubutun kiɗa ba, da taimakon masanin da kotu ta naɗa, ba wanda wani ɓangare ya biya ba. A cire tsani, a cire dammai, a cire bugun da aka saba, a dubi abin da ya rage na kari. In babu, a kori ƙarar, mai ƙara ya biya kuɗin lauyoyin wanda ya ɓata wa lokaci.