Ibnu Sina a zauren limaman Faris

Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanci tauhidi ya san hukuncin hankali kashi uku ne: wajibi, mustahili da ja'izi. Ya san Allah ne wajibul wujudi, wato wanda samuwarsa dole ce, kowa ban da shi samuwarsa ta aro ce. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, wannan hujja ta haye teku har ta shiga littattafan limaman Kirista a birnin Faris na ƙasar Faransa.

Ibnu Sina, masanin falsafa Musulmi wanda ya rasu a 1037, shi ya zauna ya rarrabe tsakanin haƙiƙar abu da samuwarsa. Kana iya sanin mene ne doki ba tare da ka san ko akwai doki a duniya ba, don haka dole wani ne ya ba shi samuwa. Bayan Kiristoci sun karɓe birnin Toledo na Andalus a 1085, aka duƙufa juya littattafan Larabci zuwa Latin, aikinsa ya isa jami'o'in Turai. Thomas Aquinas, babban malamin Katolika da ya koyar a Faris, ya kuma rasu a 1274, ya ɗauki wannan bambanci ya gina iliminsa na sanin Allah a kai, yana kuma ambaton Ibnu Sina da sunansa. Ibnu Rushdi kuwa, mai Bidayatul Mujtahid da ɗalibanmu na fiƙihu ke karantawa, "Mai Sharhi" yakan ce masa, saboda sharhin da ya yi wa littattafan Aristotle, masanin falsafar Girka.

Shi ya sa ba na jin daɗin maganar nan ta "sun sace iliminmu". Ɓarawo ba ya kiran sunan mai kaya. Kuma kada a manta, Hunainu bin Ishaƙ da ya juya ilimin Girka zuwa Larabci a Bagadaza Kirista ne.

Aron bai hana jayayya ba. A 1270 Aquinas ya rubuta raddi ga mabiya Ibnu Rushdi kan cewa hankali guda ne dukkan 'yan Adam ke tarayya a ciki. In haka ne, wa za a yi wa hisabi? Tambaya ce da malamin Musulunci ma zai yi. A 1277 bishop ɗin Faris, wato babban limamin cocin birnin, ya haramta koyar da mas'aloli 219, har da wasu da ke kusa da ra'ayin Aquinas kansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Imamu Gazali. Ya rubuta Maƙasidul Falasifa ya taƙaita ra'ayin masu falsafa tsakani da Allah, daga baya ya rushe su a wani littafin. Fassarar Latin ta yaɗu ba tare da gabatarwar da ta bayyana nufinsa ba. Sai malaman Turai suka daɗe suna lissafa shi cikin almajiran Ibnu Sina, suna yi masa raddi kan maganganun da shi kansa ya kafirta masu yin su.